Na sauko daga kan tsauni, jikina ya ƙi komawa daidai

Tambaya:

Assalamu alaikum. Shekarata 41. Na yi wata 14 ina aiki da wani kamfanin haƙar ma'adinai a tsaunukan Andes na ƙasar Peru, a wani wuri mai tsayin kusan mita 4,000 sama da teku. Makon farko na sha wuya, daga baya jiki ya saba, na zauna lafiya lau. Yau mako uku ke nan da saukowata, kuma tun daga ranar ban ji daidai ba. Barci ba ya isata, ga kasala, ga nauyin kai da mantuwa, in na miƙe tsaye sai jiri. Da yamma ƙafafuna biyu su kumbura, gaɓoɓina na ciwo. An auna jinina, aka ce CRP 14 ne, wai alamar kumburi a jiki, himogulobin kuma, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, 17.8. Tun lokacin nake shan diklofenak, maganin ciwo da kumburi, safe da yamma. Wani abokin aikina ya ce jinina ne ya yi kauri, wani ya ce maganina kawai in koma can. Nan da wata biyu hutuna zai ƙare. Me ke damuna, kuma me zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Abin da ka lissafa ya yi kama sosai da halin da jiki ke shiga idan ya daɗe a kan tudu mai tsawo sannan aka dawo da shi ƙasa farat ɗaya. Sananne ne, kuma yawanci yana wucewa da kansa. Sai dai babu wani gwaji da zai nuna cewa shi ne. Ana yarda da shi ne bayan an duba an ga ba wani abu mai haɗari ne ya ɓuya a bayansa ba. Saboda haka aikin da ke gabanka biyu ne: ka tabbatar ba ɗaya daga cikin waɗancan ba ne, kuma ka ajiye diklofenak ɗin nan tun yau. Za mu zo kan dalili.

A mita 4,000 kason oksijin da ke cikin iska bai canza ba, yana nan kashi 21 cikin ɗari kamar ko'ina. Nauyin iskar ne ya ragu, har ya zama kowane numfashi da ka ja yana kawo maka kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da za ka samu a bakin teku. Jikinka ya yi wata 14 yana gyara kansa a kan wannan ƙarancin. Numfashinka ya ƙara yawa da zurfi ko kana barci. Ƙodarka ta rage ruwan da ke cikin jini, ta kuma riƙa fitar da wani sinadari da ake kira EPO, wanda ke umartar ɓargo ya ƙera ƙarin jajayen ƙwayoyin jini. Jijiyoyin jinin huhunka sun ɗan tsuke, ɓangaren dama na zuciyarka ya saba turawa da ƙarfi. Duk wannan gini ne na watanni, amma jirgi ya sauko da kai cikin sa'o'i. Yanzu kowane ɓangare yana warware nasa gyaran, kuma ba tare suke gamawa ba.

Ruwan jini shi ne mai saurin dawowa. Cikin 'yan kwanaki ƙoda takan fara riƙe gishiri da ruwa don ta mayar da abin da ta rage. Idan kuma inda ka sauka ya fi can zafi, jijiyoyin fata sukan buɗe, ruwa ya taru a ƙasa. Daga nan kumburin idon sawu na yamma yake fitowa, wanda yakan saɓe kafin gari ya waye. Jajayen ƙwayoyin jini kuwa sun fi jinkiri. Da zarar oksijin ya wadata, EPO yakan faɗi, ɓargo ya rage aiki, adadin ya riƙa sauka cikin makonni. Rayuwar jar ƙwaya ɗaya kusan kwana 120 ce, don haka ba a tsammanin komai ya koma yadda yake a mako uku. Himogulobin 17.8 ya ɗan haura iyakar da ake sa wa namiji a ƙasa, wadda take wajen 17, amma ga wanda ya fito daga inda ka fito ba abin tashin hankali ba ne. Abin da ake so a gani shi ne yana sauka idan an sake aunawa. Abokinka da ya ce jini ya yi kauri bai yi ƙarya ba, amma jikinka na kan gyara wannan da kansa. Kada ka yarda a ɗebe maka jini da sunan rage kauri sai likita ya auna ya ga dalili.

Likitocin ƙasar Sin sun fi kowa rubutu a kan wannan hali, saboda yawan sojoji da ma'aikatan da suke hawa tudun Tibet su yi watanni ko shekaru, har da waɗanda suka gina layin dogon da ya isa Lhasa, wanda aka buɗe a 2006. Alamomin da suka tattara daga masu saukowa su ne naka: yawan barci, kasala, jiri, ciwon kai, mantuwa, nauyin ƙirji, bugun zuciya da ya yi sanyi ko ya rikice, kumburin ƙafa, tari, wasu har da zubewar gashi da jinin dasashi. Sun kuma ga alamomin kumburi sun ɗan hau a jinin da yawa daga cikinsu. Bayanin da aka fi karɓa shi ne ƙwayoyin jikin da suka daɗe cikin ƙarancin oksijin, idan ya kwararo musu da yawa lokaci guda, sukan samar da wasu sinadarai masu ƙona nama fiye da yadda jiki zai iya share su nan take, sai garkuwar jiki ta motsa. Gwargwadon tsawon tudun da daɗewar zama, gwargwadon jinkirin warwarewa. Wanda ya yi mako biyu yakan warware cikin kwanaki. Wanda ya haura shekara kamar kai, makonni zuwa 'yan watanni. Waɗanda suka yi shekaru masu yawa sukan fi haka daɗewa.

Kumburin ƙafarka daban, kumburin da gwajin jini ya nuna daban, kada ka haɗa su. Na ƙafa ruwa ne ya taru. CRP kuwa hanta ce ke fitar da shi duk lokacin da garkuwar jiki ta tashi, kuma ba ya faɗin inda matsalar take. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar ƙasa da 5 a matsayin daidai, wasu ƙasa da 10. Naka 14 hawa ne kaɗan, irin wanda mura, ciwon haƙori, ƙiba ko shan taba ma kan jawo. Wanda ƙwayar cuta ta kama da gaske, kamar mai nimoniya, sau da yawa nasa kan haura 100. Lamba ɗaya ba ta cewa komai. A sake aunawa bayan mako biyu zuwa uku: in yana sauka, shi ke nan, in ya tsaya ko ya hau, to akwai abin da ake nema, kuma ba za a ɗora wa tsauni laifi ba.

Diklofenak da danginsa, irin su ibuprofen da naproxen, suna toshe wasu sinadarai da ƙoda ke dogara da su wajen fitar da gishiri da ruwa. Wato ka sha shi don kumburi, shi kuma yana ƙara tara maka ruwa a ƙafa. Yana ɗaga hawan jini, yana cin bangon ciki har ya kai ga gyambo da zubar jini, kuma an san yana ƙara haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya, abin da mai jini mai kauri ba ya buƙata ko kaɗan. Yana kuma iya danne zazzaɓi, ya ɓoye mana alamar da muke son gani. Ana iya daina shi kai tsaye, ba sai an bi a hankali ba. Idan ciwon gaɓoɓi ya dame ka, sha farasitamol giram 1, wato ƙwaya biyu masu miligiram 500, da tazarar aƙalla awa shida, kada ya wuce giram 4 a yini, kuma ƙasa da haka idan kana da ciwon hanta. Idan ka lura bayan gidanka ya yi baƙi kamar kwalta, ko kana jin zafi a ƙahon zuciya, ka gaya wa likita a ranar. Haka kuma kada wani ya ba ka maganin sa fitsari irin su Lasix don ƙafa ta saɓe. Zai ja ruwa daga cikin jini, ya ƙara masa kauri, ya ƙara maka jiri. Asfirin ma kada ka fara da kanka.

Abin da ya fi damun mu a wasiƙarka shi ne gudan jini. Ka haɗa abubuwa uku da ke kawo shi: jini mai kauri, ƙarancin ruwa, da doguwar tafiya a zaune cikin mota da jirgi. Gudan yakan fara ne a jijiyar cikin sharaɓa, kuma yana iya ɓallewa ya tafi huhu kwanaki ko makonni bayan an iso gida. Ga yadda za ka duba da kanka yau. Zauna ka miƙe ƙafafu, ka laluba ɗan ƙashin da ya turo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ka auna santimita 10 ƙasa da shi, ka zagaya tef ɗin awo a daidai wurin a kowace ƙafa. Idan ɗaya ta fi ɗaya da santimita 3 ko fiye, ko ɗaya ce kaɗai ke ciwo, ta yi zafi, ta yi tauri, ka tafi asibiti a ranar a yi maka hoton jijiyoyin ƙafa. Kada a matsa ta, kada a yi mata tausa. Sannan ka danna babban yatsa a kan ƙwauri na daƙiƙa biyar ka ɗaga. Ramin da ya rage a ƙafafu biyu daidai wa daida, mai ɓacewa da safe, ya dace da abin da muka bayyana. Kumburin da ya hau har cinya, ko ya bayyana a fuska da safe, ko ya zo da fitsari mai kumfa, yana nuna a duba ƙoda da zuciya.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida: haki kana zaune ba ka yi komai ba, ciwon ƙirji mai soka idan ka ja numfashi, tari da jini, suma, rashin iya kwanciya sai an tokare ka da matasai, ciwon kai mai tsanani da ba ka taɓa jin irinsa ba, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, rikicewar magana ko gani. Ciwon tsauni na gaske, wato taruwar ruwa a huhu ko kumburin ƙwaƙwalwa, saukowa ce maganinsa, kuma yakan lafa cikin kwanaki kaɗan. Duk wanda ya sauko numfashinsa ya ci gaba da taɓarɓarewa, wani abu ne daban ke damunsa. Idan kana da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin, a can sama ba mamaki ta riƙa nuna 85 zuwa 90, amma a ƙasa ya kamata ta nuna 95 ko fiye. Ƙasa da 92 kana hutawa dalili ne na zuwa asibiti nan take.

Zazzaɓi ma ba ya cikin alamomin saukowa. Idan ma'auni ya nuna 38 ko fiye, a nemi cuta. Kan tsauni babu maleriya, amma gangaren Amazon na Peru akwai ta, akwai kuma zazzaɓin dengue, kuma wanda ya yi fiye da shekara nesa da yankin sauro garkuwarsa ga maleriya takan ragu. Ka faɗa wa likita duk inda ka yada zango a hanya. Tarin da ya wuce mako biyu, tare da gumin dare da rama, a gwada tarin fuka, musamman da yake ma'aikatan ma'adinai na kwana a cunkushe suna shaƙar ƙura.

Ba ka ambaci magungunan da ka sha a can ba, kuma wannan tambaya ce babba. Idan ka sha dexamethasone, maganin da ake bayarwa don ciwon tsauni mai kama da wani sinadari da jiki ke samarwa da kansa, fiye da mako guda ko biyu sannan ka yanke shi lokaci ɗaya, jiki yana iya kasa samar da nasa sinadarin, sai kasala mai tsanani, jiri, ciwon gaɓoɓi, tashin zuciya da faɗuwar jini su biyo baya. Wannan yana kama da abin da ka kwatanta, kuma yana buƙatar likita da gaggawa. Idan kuma kana shan maganin hawan jini, wataƙila an ƙara maka shi a can, domin jinin wasu yakan hau a kan tudu. A ƙasa sai adadin ya yi maka yawa. Auna jininka bayan ka kwanta minti biyar, ka sake bayan ka miƙe da minti ɗaya, sannan da minti uku. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ga tushen jirin nan. Ka ƙirga bugun zuciyarka da safe kafin ka tashi. Ya ɗan yi sanyi bayan saukowa ba laifi, amma ƙasa da 50 tare da jiri yana son a yi maka gwajin ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura.

Ka koma wurin likita cikin wannan makon, ka fara da gaya masa tsayin wurin, tsawon zamanka da ranar da ka sauko, domin ba kowane likita ne zai kawo wannan a ransa ba in ba a faɗa masa ba. Gwajin da ya dace: cikakken ƙidayar jini, aikin ƙoda da gishirin jini, fitsari, aikin hanta, sukari, maƙoƙo, ma'ajiyar sinadarin ƙarfe da ake kira feritin, da ECG. Idan akwai haki ko kumburin ya ƙi sauka, a ƙara hoton ƙirji da hoton zuciya don a ga ɓangarenta na dama da ƙarfin jini a jijiyar huhu. Game da feritin, kada ka sayi maganin ƙarin jini saboda kasala. Jajayen ƙwayoyin da ke raguwa suna mayar da ƙarfensu ma'ajiya, sau da yawa mai saukowa yana da isasshe.

Idan duk wannan ya fito lafiya, sauran aikin na haƙuri ne da tsari. Ka ba jikinka barcin da yake nema, awa takwas zuwa tara da dare a lokaci ɗaya kullum, da ɗan rintsawa da rana da bai wuce minti 30 ba, don kada ya ɓata na dare. Muddin barci na fizgar ka da rana, kada ka yi dogon tuƙi, kada ka hau injin da zai iya raunata ka. Idan iyalinka sun ce kana minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, ka ambata wa likita. Ka sha ruwa har fitsari ya zama fari-fari, wajen lita biyu zuwa biyu da rabi a yini in zuciya da ƙoda lafiya suke, fiye da haka in ana zafi. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin abincin gwangwani da sinadaran ɗanɗano. Mutane da yawa cin abincinsu kan buɗe sosai bayan saukowa, sai ƙiba ta zo da sauri. Ka ci kaɗan-kaɗan, ka yawaita ganye da 'ya'yan itace. Taba da giya duk suna ƙara dagula lamarin. Kwalaben magungunan da ake tallatawa da sunan wanke jini ko kashe kumburi ba za su gaggauta maka komai ba.

Kwanciya yini guda ba ta taimakawa, tana ma ƙara haɗarin gudan jini. Ka yi tafiyar ƙafa minti 20 zuwa 30 kullum a saurin da za ka iya magana ba tare da haki ba, ka ƙara minti biyar duk mako. Gudu da ɗaga nauyi su jira sai jiri ya tafi. Kada ka zauna fiye da awa guda ba ka miƙe ba. Da yamma ka kwanta ka ɗora ƙafafu a kan matasai su fi ƙirjinka tsawo na minti 20. Ka hau sikeli kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo, ka rubuta. Ƙarin kilo biyu cikin kwana biyu ko uku ruwa ne, ba ƙiba ba, kuma likita ya kamata ya sani. Mantuwa da nauyin kai sukan bi sahun barci su washe. Idan kuma ka ga ranka ne ya ƙuntata, ba ka sha'awar komai har tsawon mako biyu, wannan ma abin faɗa wa likita ne, ba abin ɓoyewa ba. In ka bi wannan, ana sa ran ka ga bambanci a fili nan da mako huɗu zuwa shida. Idan ka cika wata uku ba sauƙi, a sake bincike daga farko.

Shawarar abokinka na biyu, cewa ka koma can ka warke, ba mu goyi bayanta ba. Idan gudan jini ne ko ciwon huhu ko zuciya ke ɓoye, mita 4,000 ne mafi munin wurin da za ka kai shi. Kada ka hau sai alamomin sun lafa kuma gwaje-gwajen sun fito. Ka kuma sani cewa sabon da jikinka ya yi da tudu yana zubewa cikin makonni. Bayan kusan wata uku a ƙasa za ka koma ne tamkar baƙo, kuma akwai waɗanda ruwa ke taruwa a huhunsu daidai lokacin komawa duk da sun taɓa zama can lafiya. Ka nemi kamfanin ya ba ka kwana biyu ko uku a matsakaicin tudu, irin birnin Arequipa mai tsayin kusan mita 2,300. Daga mita 3,000 zuwa sama, kada wurin kwananka ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya, kuma ka huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Idan tsarin aikin bai ba da wannan dama ba, likita zai iya rubuta maka acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, miligiram 125 safe da yamma, a fara kwana ɗaya kafin hawa a ci gaba har kwana biyu bayan isa. Yana sa yawan fitsari da tsikarin yatsu, kuma sai an yi hattara ga mai ciwon ƙoda ko wanda magungunan salfa suka taɓa yi wa illa. Kwana biyun farko ba aikin ƙarfi. In haki ya kama ka kana zaune, ko tari mai kumfa, ko tangaɗi a tafiya, a sa maka oksijin a sauko da kai nan take.

Kafin ka tafi ka san rukunin jininka na sikila idan ba ka sani ba, domin mai AS saifarsa na iya toshewa a kan tudu, abin da ke zuwa da ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. A can kuma a riƙa auna himogulobin ɗinka duk bayan 'yan watanni. Idan ya kai 21 ga namiji, ko 19 ga mace, tare da ciwon kai, rashin barci da leɓe mai duhu, ana zargin cutar daɗewa a tsauni da likitan Peru Carlos Monge ya bayyana a shekarun 1920, kuma mai ita ba ya ci gaba da zama a sama. Hutu na gaba idan ya zo, ka tsara saukowar kamar yadda ka tsara hawan: kwana biyu ko uku a matsakaicin tudu kafin ka gangaro, safa mai matse ƙafa a cikin jirgi, ruwa a hannu, da miƙewa ka taka duk bayan awa ɗaya ko biyu.